Tanis Ɗin 'Yan Bibbiyu: Sana'ar Da Ɗan Najeriya Ya Kai Na 20 A Duniya

Wata Asabar na dawo daga aikin dare, ko hijabi ban cire ba, sai ga matar yayana ta shigo da ɗanta na biyu, yana tallafe da hannunsa na dama kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Wuyan hannun ya kumbura. Shekararsa goma sha uku. Na tambaye shi ko faɗuwa ya yi, ya ce a'a. Faɗa ne? A'a. Sai da uwar ta zare masa ido sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, tanis ne."

Ashe wata huɗu ke nan kullum bayan la'asar yana zuwa wani tsohon filin siminti a bayan wata makaranta a nan Dutse, inda wani malamin motsa jiki ke tara yara shida ko bakwai yana koya musu da raket uku da ake karɓa-karɓa. Raket ɗin na manya ne, sun yi wa hannunsa nauyi. Ciwon ke nan, kuma mai sauƙi ne. Hutu da ƙanƙara a cikin tsumma, kafin sati biyu ya saɓe. Maganar da ta biyo baya ce ta daɗe ba ta saɓe ba.

Malamin ya zo gaishe da yaron, ya kuma yi amfani da damar ya gaya wa Yaya cewa ɗansa yana da ido da saurin hannu a bakin raga, ko da yake ba shi da tsayi da ƙarfin bugu irin na wasu. Ya ce a ganinsa yaron zai fi yin nisa a wasan 'yan bibbiyu, wato inda mutum biyu ke karawa da mutum biyu. Yaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Malam, wato shi kaɗai ba zai iya ba, sai an haɗa masa ɗan taya? To in haka ne ya zauna ya riƙe littafinsa." Ni dai ban ce komai ba, domin a lokacin ban san komai a kan wasan ba. Amma maganar ta tsaya min a rai, na shafe ranakun hutuna ina karatu da kallon wasanni a waya har data ta ƙare min sau biyu. Abin da na samo shi ne na kawo maka, mai karatu, musamman idan kai ma akwai wani yaro ko yarinya a gidanka da ke dukan bango da ƙwallo.

Bari mu fara da filin. Tsawonsa mita 23.77 ne, ko mutum ɗaya ne a kowane ɓangare ko biyu. Faɗin ne yake canzawa. Na 'yan ɗaiɗai mita 8.23 ne, na 'yan bibbiyu kuwa 10.97, domin ana ƙara wasu 'yan siraran layuka biyu a gefe da gefe, kowanne mita 1.37. Ka ga an ƙara mutum guda cur a kowane ɓangare, amma filin da aka ƙara bai kai mita uku ba. Shi ya sa wasan ya zama na matsatsi. Babu filin da za ka tsaya daga baya kana ta musayar bugu har abokin karawa ya gaji. Ɗaya yana baya yana buga ƙwallon farko, ɗayan yana tsaye dab da raga yana jiran ya tsinke ta a iska, kuma sau da yawa kafin ka ƙifta ido sau biyu an ci maki an gama.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar kurame da suke yi. Wanda ke bakin raga yakan kai hannu bayansa ya yi wa mai bugu alama da yatsu, yadda abokan karawa ba za su gani ba. Alama ɗaya tana nufin ka buga ta tsakiya, wata tana nufin zan tsallaka ɓangarenka da zarar ka buga, kai kuma ka rufe nawa. Idan mai bugu bai yarda ba sai ya ce a'a a hankali, a sake wata. Idan ɗaya ya tsallaka ɗayan bai rufe ba, rabin fili ya zauna wayam. Duk wanda ya taɓa juya majinyaci mai nauyi a kan gado shi da abokin aikinsa ya san wannan yanayin. Ba ƙarfi ake nema ba, a ɗaga tare ake nema, in ɗaya ya riga ɗaya da daƙiƙa guda to bayan wani zai amsa.

Yanzu ga mutumin da nake so ka sani. Sunansa Nduka Odizor, an haife shi a Legas a 1958. Bai fito daga gidan masu hali ba. Ya shiga tanis ta ƙofar da yawancin tsofaffin 'yan wasanmu suka shiga, wato tsintar ƙwallo a kulob ɗin manya, yana kallon yadda suke riƙe raket, in sun tashi shi ma ya gwada. Wani malamin jami'a Ba'amurke da ke Legas a lokacin ya ga yadda yake wasa, ya taimaka masa ya tafi birnin Houston a Amurka. A can ya yi karatu a Jami'ar Houston, yana buga mata wasa, kuma sai da ya kammala sannan ya shiga wasan ƙwararru. Ka riƙe wannan jerin, domin zan dawo kansa.

Duniya ta san sunansa ne a gasar Wimbledon ta Ingila a 1983. A zagayen farko aka haɗa shi da Guillermo Vilas na Ajantina, mutumin da ya riga ya ci manyan kofunan duniya huɗu, kuma shi ne na huɗu a jerin gwanayen gasar ta wannan shekarar. A irin wannan gasa maza suna yin turmi biyar ne, in na ari kalmar 'yan dambe, wanda ya riga cin uku ya yi nasara. Vilas ya cinye biyun farko. Odizor ya dawo ya cinye ukun da suka rage. Daga nan ya wuce har zagaye na huɗu, inda Chris Lewis na New Zealand ya fitar da shi, kuma shi Lewis ɗin sai da ya kai wasan ƙarshe kafin John McEnroe ya doke shi. A wannan shekarar dai Odizor ya ci kofin 'yan ɗaiɗai a Taipei, kuma a 1984 ya kai mataki na 52 a duniya.

Wannan shi ne labarin da jaridu suka fi maimaitawa. Amma ka duba lissafin da kyau. A wasan ɗaiɗai kofi ɗaya ya ci a manyan gasannin ƙwararru. A wasan bibbiyu ya ci bakwai. A ɗaiɗai ya tsaya a na 52, a bibbiyu ya kai na 20 a duniya, shi ma a 1984. Da yawa daga cikin kofunan nan ya ci su ne tare da David Dowlen, Ba'amurken da suka yi Jami'ar Houston tare, kamar na Monterrey a Meziko a 1983 da na Tokyo a Japan a 1984. Sun san wasan juna tun suna ɗalibai, ba sai an yi dogon bayani ba. Kuma shekara bakwai bayan waccan nasara ta Wimbledon, lokacin da ya haura talatin, ƙafa ta fara nauyi, bibbiyun ne ya sake ba shi kofi a Tel Abib a 1990, tare da Christo van Rensburg na Afirka ta Kudu. Wato ɓangaren da Yaya ya kira na mai neman ɗan taya, a nan ne ɗan Najeriya ya fi yin nisa kuma ya fi daɗewa.

A 1988 aka dawo da tanis cikin wasannin Olamfik bayan an cire shi tun 1924, kuma Najeriya ta je Seoul da Odizor da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi. Da na karanta wa ɗan yayana sunan nan na ƙarshe sai da ya ce in maimaita. Shi Sadiq Abdullahi bayan ya ajiye raket ya ci gaba da karatu a Amurka har ya yi digirin digirgir a fannin ilimi. Daga wancan zamani zuwa yau ba mu sake samun wanda ya taka inda Odizor ya taka ba, kuma wannan abin kunya ne ga ƙasa mai yawan matasa irin tamu.

To, kada in yaudare ka, Yaya ma yana da tasa gaskiyar, kuma gaskiyar tana wajen kuɗi. A Wimbledon ta 2024, wanda ya ci kofin ɗaiɗai ya tafi da fam miliyan 2.7. Waɗanda suka ci na bibbiyu an ba su fam 650,000, kuma su biyu za su raba. Wanda aka cire a zagayen farko na ɗaiɗai ya samu fam 60,000 shi kaɗai, waɗanda aka cire a zagayen farko na bibbiyu kuwa fam 15,750 ne su biyu. In ka juya waɗannan zuwa naira kanka zai yi nauyi, na sani. Amma wannan ita ce ƙololuwa, kuma mutane kaɗan ne a duniya ke isa wurin. A ƙasa can inda kowa ke farawa, ƙananan gasannin ƙwararru jimlar kuɗinsu dala 15,000 ne, a raba wa duk waɗanda suka shiga, kuma kaso mafi tsoka na 'yan ɗaiɗai ne. Ɗan tanis ba kamar ɗan ƙwallon ƙafa ba ne da kulob ke biyansa albashi duk wata, ya ba shi mota da likita. Shi ke sayen tikitin jirginsa, shi ke biyan mai horarwa in yana da shi, shi ke biyan ɗaurin igiyar raket, a ƙananan gasanni har da masauki. In ya ji ciwo ya kwanta wata uku, babu ko sisi da zai shigo. Ga ɗan Najeriya kuma sai ka ƙara wahalar biza da tsadar dala. Mutum zai iya cin kofi ranar Asabar, ya lissafa kuɗin hanya ranar Lahadi ya ga ya faɗi.

Akwai kuma wani abu da ɗan ɗaiɗai bai san ciwonsa ba, shi ne abokin wasa. A manyan gasanni ana haɗa matsayinka da na abokinka ne a ga ko kun isa shiga. In nasa ya faɗi, ya ja ka. In naka ya faɗi, wani mai matsayi mafi kyau zai kira shi a waya, kuma ba kowa ke iya cewa a'a ba. Saboda haka ƙarshen kowace shekara lokacin rabuwa ne da sabon ƙulli, wasu cikin mutunci, wasu ta saƙon waya. Ka yi tunanin mutumin da kuke jirgi ɗaya, otal ɗaya, tebur ɗaya kusan duk shekara, jiya ya zubar da ƙwallon da ta jawo muku asarar kuɗin hayar gida, yau kuma dole ka tafa hannunsa bayan kowane maki. In ka lura a talabijin, ko an ci ko an faɗi sai sun taɓa hannun juna. Da farko na ɗauka ado ne. Daga baya na gane hanyar ce ta cewa wancan ya wuce, mu fuskanci na gaba, tun kafin fushi ya samu wurin zama.

Wannan ne ma ya sa 'yan uwan juna suka yi fice a wasan. Tagwayen Amurka, Bob da Mike Bryan, sun ci kofi 119 tare, 16 daga ciki a manyan gasanni huɗu na duniya, kafin su yi ritaya a 2020. Ɗaya bahago ne, ɗaya na dama, sai ya zama kowanne ya rufe gefen da ya fi masa sauƙi. A nan Afirka akwai gidan Black na Zimbabuwe, inda uba ya gina wa 'ya'yansa filayen tanis a gida. 'Yarsa Cara ta zama ta ɗaya a duniya a wasan bibbiyu na mata, kuma ita da yayanta Wayne sun ci kofin gaurayen mace da namiji a Faransa a 2002 da Wimbledon a 2004. Masu tagwaye da masu 'ya'ya kusa da kusa, ga shi nan dai na faɗa muku.

Wasan yana haɗa waɗanda siyasa ta raba ma. Aisam-ul-Haq Qureshi Musulmi ne ɗan Lahore a Pakistan, Rohan Bopanna kuma ɗan Indiya, ƙasashen da kowa ya san irin zaman da suke yi. Sun haɗu suka kai wasan ƙarshe na babbar gasar Amurka a 2010, inda tagwayen Bryan suka doke su da ƙyar, sannan suka ci babban kofin Paris a 2011. Shi Bopanna ne ya sa na ajiye waya na yi shiru. A Janairun 2024 ya ci gasar Ostireliya tare da Matthew Ebden, ya zama na ɗaya a duniya yana da shekara 43. A wasan ɗaiɗai mai irin wannan shekarun ya daɗe da komawa kujerar masu sharhi. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san jiki. Rabin fili kake tsarewa, gudun ya ragu, kuma tun 2006 aka taƙaita wasan bibbiyu na maza a gasannin mako-mako, aka mayar da turmi na uku ɗan gajeren raba-gardama na maki goma. Gwiwa da ƙugu suna samun sauƙi. Abin da ake buƙata, wato karanta inda ƙwallo za ta tafi tun kafin a buga ta, shekaru ƙara shi suke yi.

Ga 'yan uwana mata kuwa, sunan da za ku so shi ne Sania Mirza, Musulma daga Hyderabad a Indiya. Ta fara da ɗaiɗai har ta kai ta 27 a duniya a 2007, sai ciwon wuyan hannu ya matsa mata, har aka yi mata aiki. Maimakon ta ajiye raket sai ta koma bibbiyu gaba ɗaya. A Afrilun 2015 ta zama ta ɗaya a duniya, kuma ita da Martina Hingis suka ci Wimbledon da gasar Amurka a 2015, suka ɗora da ta Ostireliya a 2016. Ta haihu a 2018, ta dawo a Janairun 2020 ta ci kofi a Hobart a gasarta ta farko bayan jego. Duk wadda ta haihu ta san abin da ciki ke yi wa tsokar mara da baya, ba sai na ƙara komai ba. Na san za a tambaye ni maganar sutura. Ra'ayina shi ne, yarinyar da ke wasa a filin makarantarsu a nan Jigawa ba dole ba ne ta kwaikwayi kayan da take gani a talabijin. Dogon wando da riga mai faɗi da ƙaramin hijabi ba sa hana hannu kaiwa ga ƙwallo.

Raini dai bai rabu da su ba har a can sama. A 2005 sai da 'yan wasan bibbiyu suka kai hukumar tanis ta maza kotu, saboda sun ga ana shirin sauye-sauyen da za su tura su gefe. A 2025 kuma masu gasar Amurka suka sake fasalin wasan gaurayen mace da namiji, suka mayar da shi kwana biyu, suka sa dala miliyan ɗaya, suka cika gurabe da taurarin ɗaiɗai don jawo 'yan kallo, aka bar kusan duk masu sana'ar a waje. Sara Errani da Andrea Vavassori na Italiya, waɗanda su ne ke riƙe da kofin, ta hanyar gayyata ta musamman suka samu shiga. Suka bi taurarin nan ɗaya bayan ɗaya, suka doke Iga Swiatek da Casper Ruud a wasan ƙarshe. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe. Na nuna wa Yaya wannan wasan a wayata bayan sallar isha'i. Ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, sai da ya miƙo min wayar ya ce, "Waɗancan sun fi ƙarfi, waɗannan sun fi sanin juna."

Yanzu bari in sa farin kayana in yi maka magana a matsayin ma'aikaciyar jinya, domin nan ne na fi iko. Ƙashin yaro bai gama haɗewa ba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai wurare masu taushi inda girma ke faruwa, kuma su ne ke fara kuka idan aka maimaita motsi ɗaya sau ɗaruruwa da kaya mai nauyi. Raket ɗin manya inci 27 ne. Na yara akwai 23 da 25 da 26, gwargwadon tsayin yaro, kuma akwai ƙwallaye masu laushi da aka yi don ƙanana, ja da ruwan lemo da kore, waɗanda ba sa tashi sama da yawa kuma ba sa girgiza hannu. In za ka sayi na gwanjo a Kano, ka tafi da yaron ya riƙe, ya sauke hannu, kan raket ɗin kada ya ja ƙasa. Ciwon da ya wuce kwana uku, ko wanda ke tashin yaro daga barci, ko kumburi a ƙasan ƙoƙon gwiwa, a kai shi asibiti a duba. Kada a kai shi a ja masa hannu, domin ba targaɗe ba ne.

Sai zafi. Kai ma ka san Dutse daga Maris zuwa Mayu, lokacin da duwatsun nan ke mayar da zafin rana har bayan magariba, ma'auni ya haura 40. Siminti ya fi iska zafi. A wannan lokacin wasa sai da sanyin safiya ko dab da faɗuwar rana, da ruwa a gefe, ana kurɓa a kowane hutu ba sai ƙishi ya zo ba. Ka koya wa yaro duba fitsarinsa. In ya yi duhu kamar shayi, ruwa ya yi ƙaranci. In ya fara jiri ko ciwon kai ko amai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari, in kuma ya fara sambatu ko ya rikice to asibiti kai tsaye, wannan ba abin jira ba ne. A san rukunin jininsa tun kafin ya fara. Mai sikila sai da shawarar likitansa, kuma ko mai AS ma ya kiyayi matsanancin gajiya da ƙishi cikin zafi. Wanda ke tsayawa a bakin raga kuma ya riƙe raket a gaban fuskarsa koyaushe, domin ƙwallon tanis a ido ba wasa ba ce.

Abu ɗaya da nake roƙonka da girman Allah, kada ka bari wani ya ba ɗanka ƙwaya ko allurar kashe ciwo don ya ƙarasa wasa. Ciwo saƙo ne, in ka toshe masa baki ɓarnar tana ci gaba a ɓoye. Tiramol ɗin da ya cinye mana matasa da yawa, tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Yaron da ya saba da shi a filin unguwa, ko da Allah ya kai shi babban fili, gwajin fitsari ɗaya ya isa ya mayar da shi gida.

Na ce ka riƙe jerin rayuwar Odizor. Tsintar ƙwallo, makaranta, jami'a, sannan ƙwararru. Raket ne ya buɗe masa ƙofar aji, kuma a cikin ajin ya samu abokin da suka ci kofuna tare. A gasannin jami'o'in Amurka har yau ana buga bibbiyu a matsayin wani ɓangare na karawar makaranta da makaranta, don haka yaron da ya iya bakin raga kuma takardunsa suka yi kyau yana da abin nunawa. Amma in faɗa maka tsakani da Allah, cikin yaran nan bakwai da ke filin simintin, abu ne mai wuya ko ɗaya ya ci abinci da cin kofi. Abin da ya fi kusa shi ne wani ya wakilci jiha, wani ya zama mai horarwa ko alƙalin wasa, wani ya samu gurbin karatu, sauran su tashi da lafiyayyen jiki da abin yi tsakanin la'asar da magariba, lokacin da ni na san abin da ke kawo mana wasu sa'o'insu ɗakin gaggawa. Wanda ya ce maka ka cire ɗanka daga makaranta don tanis, ka raka shi bakin ƙofa.

Kuma bibbiyun ya fi dacewa da halin da muke ciki. Fili ɗaya, yara huɗu a lokaci guda maimakon biyu. Ƙwallo gwangwani ɗaya, iyaye huɗu su haɗa kuɗi. Kuɗin mota zuwa gasa, gida biyu su raba. Mafi kusa da mu ita ce gasar Dala da ake yi a Kano Club shekara da shekaru, sama da talatin yanzu, inda gwanayen ƙasar nan maza da mata ke haɗuwa. Daga Dutse ta Wudil ba tafiyar da za ta gagari mutum ba ce, a je da safe a dawo da yamma.

Abin da muka tsayar a gidanmu ke nan. Yaya ya gindaya sharaɗi biyu, Islamiyya ba fashi, kuma in sakamakon zangon nan ya sauka ƙasa da na baya, raket zai koma saman sif. Ni na ɗauki nauyin raket inci 26, na kuma ce kwana uku a mako ya isa har hannun ya gama ƙwari. Mahaifin ɗaya yaron, wanda malam ya haɗa su, ya ce shi zai riƙa sayen ƙwallo. Idan gasar Dala ta zagayo, malam zai kai su su biyun su yi kallo kawai, su zauna kusa da raga su ga yadda manya ke yi.

Shekaranjiya na biya ta filin a kan hanyata ta zuwa aikin yamma, na tsaya daga bakin katanga. Abokin nasa ne ke bugu, shi yana gaba ya duƙa, hannunsa na hagu a baya yana ta murza yatsu. Ya tsallaka, abokin bai rufe ba, ƙwallo ta wuce ta gefen da babu kowa. Na ji ya ɗaga murya, "Ai na nuna maka!" Ɗayan ya ce, "Yatsa biyu ka nuna, jiya ka ce biyu tsayawa ce!" Malam ya busa usur ya kira su gefe, ya sa suka sake jera alamomin tun daga farko. Mai adaidaita ya yi min hon, na wuce.